Yadda Ake Tsare Ruwan Sha a Gidajen Kano, Daga Bututun Titi Zuwa Bakin Randa

Mafi yawan ruwan famfon birnin Kano daga Kogin Kano da Kogin Chalawa ake janyo shi. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, da madatsar Chalawa ta wajen Ƙaraye su ke riƙe ruwan damina suna sako shi a hankali. A matatar Chalawa, da aka fara kafawa tun farkon shekarun 1930 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da ta Tamburawa da ke kan hanyar Zariya, wadda aka gina sabon ɓangarenta don tace lita miliyan 150 a rana, aikin iri ɗaya ne: a zuba alam laka ta kwanta, a bi da ruwan ta cikin yashi, a sa masa sinadarin kulorin, sannan a turo shi gari.

Ko da ruwa ya baro matata tas, tsakaninsa da bakin yaronka akwai tafiya mai nisa, kuma a wannan tafiyar ne ya fi lalacewa. Bututun da ke cike da ruwa dare da rana, in ya tsage, ruwa ne ke tsartuwa waje, ba abin da ke shiga. Amma a Kano ruwa zuwa yake yi ya ɗauke, wata unguwar ma sai a yi kwanaki ba a ga ɗigo ba. Da an ɗauke, bututu ya zama fanko, sai ya riƙa zuƙo duk abin da ke kewaye da tsagar, kamar yadda yaro ke zuƙar lemo da tsinke. In tsagar tana cikin kwata, ruwan kwata zai zuƙo. Ranar da aka dawo da ruwa, wannan ƙazantar ce ke fara isowa gida. Ɗan kulorin ɗin da aka sa a matata kuwa yana raguwa da nisan hanya da zafin rana, sau da yawa kafin ya kai ƙarshen layi babu sauransa.

Saboda haka mai gida da uwargida su ɗauka cewa zangon ƙarshe na tsabtace ruwa a hannunsu yake. Ga yadda ake yi.

Mataki na farko: bi bututunka da ƙafa

Ka fita da safe ranar da akwai ruwa, ka fara daga inda aka jona maka a babban bututun titi, ka bi shi har cikin gida. A lungunan Fagge, Kurna, Ɗorayi, Sheka da cikin gari za ka ga ƙananan bututun roba sun bi ta cikin kwata, biyar ko shida a jere, baƙin ruwa ya shanye su, an ɗaure mahaɗarsu da robar tayar keke. Kowane ɗauri irin wannan ƙofa ce. Inda ka ga ƙasa a jiƙe alhali ba a yi ruwan sama ba, ko ƴan kumfa suna tasowa a cikin kwata, nan ne ɓarakar take.

Ka kira mai gyaran famfo ya yanke wurin, ya sa sabuwar mahaɗa da gam ɗin bututu, ba ɗaurin roba ba. In dole ne bututun ya tsallake kwata, a ɗaga shi sama da bakinta, a zura shi cikin wani bututun da ya fi shi faɗi don kada a taka shi ko kura ta fasa shi. Tsohon bututun ƙarfe da ya ci tsatsa, wanda ke ba da jan ruwa kullum, a sauya shi kawai. Faci ba ya yi masa magani.

Akwai abubuwa biyu da ƙarancin ruwa ya koya mana, kuma dukansu suna cutar da mu. Na farko shi ne haƙa rami a gindin famfo don a samu ruwa in ba shi da ƙarfin hawa. Ba na ganin laifin mai yi, domin wani lokaci ta nan kaɗai ruwa ke fitowa. Amma da an yi ruwan sama na Agusta, ramin ya cika da abin da ya gangaro daga lungu, bakin bututun ya nutse a ciki. In kana da irin wannan rami, ka yi masa gini da siminti, bakinsa ya ɗara ƙasa da kamar taƙi biyu, ka sa masa murfi, kuma bakin bututun ya zama yana da kan famfo mai rufuwa, ba tsumma ko totuwar masara ba.

Na biyu shi ne jona injin jan ruwa kai tsaye a bututun hukuma. Wannan yana ƙwace ruwan maƙwabta, sannan yana ƙara ƙarfin zuƙar da ke janyo ƙazanta ta kowace tsaga a layin gaba ɗaya. Yadda ya dace shi ne ruwan ya zuba da kansa a tankin ƙasa, daga nan inji ya ɗaga shi zuwa tankin sama.

Mataki na biyu: ranar da ruwa ya dawo

Na san yadda ake rububi in famfo ya fara tari da tsakar dare: kowa ya miƙo bokiti, ba a son a yi asarar ko ɗigo. Ba asara za a yi ba, rabawa za a yi. Ruwan farko a tare shi a baho daban, na wanke banɗaki da yayyafa tsakar gida. A bari ya zuba har launinsa ya washe, sannan a ƙara wasu mintuna kafin a tari na sha. In akwai tankin ƙasa, a rufe hanyarsa tukuna har wannan ruwan farko ya wuce.

Sai a cika farin kofin gilas a ɗaga shi wajen haske, a kuma sunsuna. Ɗan ƙanshin kulorin alama ce mai kyau, kada a guje shi. Mutane da yawa suna cewa "ruwan yana warin magani" su koma wa na rijiya, alhali mai ƙanshin kulorin ɗin ne ya fi aminci. Fari-fari kamar madara wanda ke washewa daga ƙasan kofi zuwa sama cikin minti ɗaya ko biyu iska ce kawai. Ja-ja tsatsa ce ko laka. Warin kwata, ko na ruɓaɓɓen ƙwai, ko na fetur, wannan ruwa ba na sha ba ne, kuma ruwa ba ya tsami banza: a koma mataki na farko a nemo dalili.

Sai dai ido da hanci suna iya kama mummunan ruwa ne kawai, ba sa iya shaidar mai kyau. Ƙwayoyin kwalara da na taifot ba su da launi, ba su da wari.

Mataki na uku: ruwan da ba na famfo ba

Gaskiya ita ce gidaje da yawa sun fi dogara da ƴan garuwa da rijiyar burtsatse. Ka riƙe ɗan garuwa ɗaya ko biyu da ka sani, ka tambaye shi inda yake ɗibowa, in da hali ka je ka gani. Ka leƙa cikin jarkokinsa: in ka ga kore-koren gansakuka a bango, ko an toshe baki da leda mai dauɗa, ka yi masa magana cikin mutunci, "Malam, don Allah a ɗauraye jarkokin nan." Wanda ya san kai mai saye ne na kullum zai ji.

Rijiya kuwa, ta gida ko ta burtsatse, abin dubawa shi ne tazararta da masai da sokawe, naka da na maƙwabci. Abin da masana tsabtar muhalli suka fi ba da shawara shi ne mita 30, kuma a gidajen cikin gari da wuya a samu haka. In ba ta samu ba, ka ɗauka ruwan yana buƙatar magani kullum. Rijiya ta samu murfi da dakalin siminti, guga kuma a rataye ta, kada a yar da ita a ƙasa inda awaki ke yawo.

Ruwan leda a duba lambar NAFDAC da kwanan wata, a guji wanda ya wuni a rana, a kuma ɗauraye bayan ledar kafin a kai baki.

Mataki na huɗu: kwantar da laka

Ruwa mai duhu yana cinye ƙarfin kulorin, yana kuma kare ƙwayoyin cuta daga rana, don haka sai an washe shi kafin komai. A ninka farin ƙyallen auduga mai tsabta sau huɗu zuwa takwas, a ɗaura a bakin bokiti a tace. Kada a raina wannan: a ƙauyukan Bangaladash an yi bincike aka ga tace ruwa da tsohon zane da aka ninka ya rage kamuwa da kwalara da kusan rabi. A wanke ƙyallen a shanya shi a rana bayan kowane amfani.

In har yanzu bai yi garau ba, a juya ɗan dunƙulen alam a ciki ƴan zagaye kaɗan a cire shi, kada a bar shi ya narke duka. Ko a ɓare busassun ƴaƴan zogale, kamar ƙwaya ɗaya ga kowace lita, a daka, a dama da ɗan ruwa, a zuba, a juya da sauri sannan a hankali. Bayan awa ɗaya zuwa biyu laka za ta kwanta, a tsiyaye na sama. Wannan ruwa ya yi kyan gani, amma ba a gama da shi ba.

Mataki na biyar: kashe ƙwayoyin cuta

Hanya uku ce, kowa ya ɗauki wadda zai iya dawwama a kanta, domin wadda ake yi yau a bari gobe ba ta kare kowa.

Tafasawa ta fi kowace tabbas. Ba ɗumi ba, ba ƙananan kumfa a gindin tukunya ba: ruwan ya riƙa tafarfasa yana juyawa, a bar shi haka minti ɗaya cur. A sauke, a bar shi ya huce a rufe cikin tukunyar. Kada a sirka shi da ɗanyen ruwa don ya yi saurin sanyi, kada kuma a jefa ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba. Da tsadar gas da gawayi, gida mai mutum goma ba zai iya tafasa duk ruwan shansa ba. In haka ne, a ware tafasasshen ga ƙananan yara, mai ciki, tsofaffi da marar lafiya, har ruwan da za a jiƙa musu magani ko a wanke rubutu. Jaririn da bai kai wata shida ba nonon uwa ya ishe shi, ko a zafin Afrilu. Uwar ce za ta ƙara shan ruwa.

Kulorin ita ce ta fi dacewa da babban gida, ga araha, ga kuma wata fa'ida da tafasawa ba ta da ita: tana zama cikin ruwan ta ci gaba da gadinsa bayan an ajiye. Akwai na ruwa irin WaterGuard da ƙwayoyi irin Aquatabs a kemis. Ƙarfinsu ya bambanta, saboda haka a bi awon da ke jikin kwalba ko takarda. In babu su, ruwan bilic na wanki irin Hypo ko Jik yana yi, da sharaɗi biyu: ya zama marar turare marar haɗin sabulu, kuma a karanta ƙarfinsa a jiki. Wanda aka rubuta kashi 3.5 cikin 100, mililita 1.5 ya ishi jarka mai lita 25 ta ruwa garau. A sayi sirinji a cire allurar a riƙa awo da shi, kada a kwarara da ka. In ruwan da ɗan duhu, a ninka awon. A rufe jarka, a girgiza, a jira minti 30. In an buɗe an ji ɗan ƙanshin kulorin, ya yi. In ba a ji komai ba, dattin ciki ya cinye shi; a sake sa awo ɗaya a ƙara jira. A ajiye kwalbar a inuwa inda yara ba sa kaiwa, domin zafi yana rage mata ƙarfi, kuma kada a taɓa haɗa ta da maganin wanke masai, hayaƙin da ke tashi guba ne.

Ta uku rana ce, wadda Allah ya hore mana a Kano. A samu gorar roba garau da ake hango cikinta, wadda ba ta wuce lita 2 ba, a cire takardar jikinta, a cika da ruwa garau, a kwantar da ita a kan rufin kwano awa shida a rana mai ƙarfi. In akwai hadari ko hazon hunturu ya rufe sama, kwana biyu. Gorar da ta kakkarce ta yi dishi-dishi a sauya ta.

Mai matatar gida irin ta bokiti biyu mai farin dutse a ciki ya riƙa goge dutsen da burushi mai laushi ba sabulu, ya duba ko ya tsage. Tsagaggen dutse ba ya tace komai.

Mataki na shida: randa, moɗa da tanki

A nan ne wahalar mutane da yawa ke tashi a banza. An tafasa ruwa, an juye a randa, sai yaro ya dawo daga wasa, ya ɗauki moɗa daga ƙasa, ya zurma ta har wuyan hannu, ya sha, ya mayar da ragowar. Shi ke nan, an koma gidan jiya.

Ba sai an rabu da randa ba, sanyinta ba shi da na biyu. A ɗora ta a kan ɗan dakali, a sa mata murfi mai zama daidai. Moɗar ɗiba ta zama mai dogon hannu, a rataye ta a ƙusa, kuma ba a sha da ita. A ɗiba a zuba a kofi. Wanda ya fi wannan shi ne bokiti mai murfi da kan famfo a gindi, ko jarka mai ƙaramin baki da hannu ba ya shiga. A wanke randa kafin a sake cikawa, kada a yi ta zuba sabo a kan tsoho. Jarka a zuba mata ruwan sabulu da ƴan tsakuwa masu tsabta a girgiza, a ɗauraye sosai.

Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur, kananzir ko maganin feshi ta bar aikin ruwan sha har abada. Haka shuɗin duron da ake sayowa na hannu: in ba ka san abin da ya zo a cikinsa ba, na wanki ne.

Tankin sama a wanke shi duk wata shida, kafin damina da bayanta. A zubar da ruwan, a kwashe lakar gindi, a goge bango da burushi. A dama rabin kofin bilic a bokitin lita 20, a shafe cikin tankin ko'ina, a bari minti 30, a ɗauraye har warin ya ragu. A tabbatar murfi yana rufuwa gam, a sa raga a bakin bututun ambaliya saboda ƙadangare da sauro. Tankin ƙasa kuwa kada mutum ya shiga shi kaɗai. A buɗe ya sha iska tukuna, wani ya tsaya a baki, kuma kada a kunna janareta ko injin fetur kusa da bakinsa. Hayaƙin yana kashewa ba tare da mutum ya ankara ba.

Mataki na bakwai: abin da sai ɗakin gwaji

Duk abin da aka faɗa a sama maganin ƙwayoyin cuta ne. Tafasawa da kulorin da rana ba sa cire dalma, ko sinadarin kuromiyom da masana'antun jima ke amfani da shi, ko naitiret da ke tsiyayowa daga masai da taki. Tafasawa ma ƙara musu kauri take yi, tunda ruwa ke tashi su zauna. Wanda rijiyarsa ke kusa da Sharaɗa, Chalawa ko Bompai, ko a gefen rafin Jakara da Getsi, ko kusa da juji, gidan mai ko wurin fasa batir, ya kai ruwansa gwaji kafin ya mai da shi na sha. Haka duk wanda ya haƙa sabuwar burtsatse.

A tambaya a Hukumar Samar da Ruwan Sha ta Jiha, ko sassan kimiyya na Jami'ar Bayero, ko wani ɗakin gwaji mai rajista. A karɓi kwalba daga wurinsu, domin ta gida za ta ɓata sakamakon. A bar famfo ya zuba minti biyu, a cika ba tare da yatsa ya taɓa baki ko cikin murfi ba, a sa a kula mai ƙanƙara, a kai cikin awa shida. Maƙwabta masu shan rijiya ɗaya su haɗa kuɗin.

In takarda ta fito, ga abin da za a duba bisa ma'aunin ruwan sha na Nijeriya da na Hukumar Lafiya ta Duniya: kada a samu ƙwayar E. coli ko ɗaya a mililita 100, domin samunta na nufin bayan gida ya shiga ruwan. Naitiret kada ya wuce miligiram 50 a lita, dalma 0.01, kuromiyom 0.05. In ƙwayoyin cuta ne suka fito, a gyara rijiyar a ci gaba da mataki na biyar. In sinadarai ne suka haura, a sauya wurin ɗibar ruwan sha da na girki, a bar wancan ga wanki.

Mataki na takwas: in ciwo ya shigo, ko layi ya lalace

A 2021 kwalara ta kama sama da mutum dubu 100 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Kano tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Cutar tana iya ƙarar da ruwan jikin babban mutum cikin ƴan awoyi. Da an ga gudawa tsararo kamar ruwan wankin shinkafa, a fara ba da ruwan gishiri da sukari nan take: fakiti ɗaya na ORS a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato leda biyu masu santilita 50. In babu fakiti, shafaffen cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya. A riƙa ba shi kurɓi-kurɓi ko yana amai, ana yi ana tafiya asibiti mafi kusa ko Asibitin Zana na cututtuka masu yaɗuwa, ba a jira gari ya waye. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. Abin da ya kwana ya wuni na haɗin a zubar a sake sabo.

In gida biyu ko uku a layi ɗaya suka kamu a mako guda, ko ruwan famfo ya zo da warin kwata, a sanar da mai unguwa da jami'an duba-gari na ƙaramar hukuma a ranar. A rubuta takarda zuwa ofishin hukumar ruwa na yankin da sunan layi, ranar da abin ya fara da hoton inda bututu ya fashe, masu gidaje su sa hannu, a riƙe kwafi. A yi sanarwa a masallaci bayan sallar Magariba cewa kowa ya tafasa ko ya sa kulorin, har masu sayar da zoɓo, kunun aya da ƙanƙara a layin, sai an gyara bututun an kuma ga ruwa ya dawo garau.